Kafin Ka Karɓi Motar Alhaji Sule

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rabi da jaririyarku Hauwa'u. Allah Ya tsare gabanku da bayanku, Ya sa ƙaurar nan da za ku yi zuwa Taraba ta zama alheri gare ku da mu baki ɗaya. Allah Ya raba ku da sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.

Na san za ka yi mamaki. Katanga ɗaya ce tsakanin sashena da naka, in na yi tari kana ji, amma ga shi na aiko maka da takarda kamar wanda ke wata uwa duniya. To yaya zan yi? Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka. Shekara talatin da ɗaya ke nan ban taɓa kiran sunanka ba. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi. In ka zo gaishe ni kana kallon tabarma, ni ina kallon bango, mu taɓa maganar taki da ta ruwan sama, ka tashi. Abin da ke cikina yau ba zai faɗu a haka ba. Ka yi haƙuri da rubutun.

Jiya bayan la'asar mahaifiyarka ta gaya mini cewa kun gama magana da Alhaji Sule, kawun Rabi, a kan motarsa mai gas, mai jan ƙafa huɗu, kuma ranar Asabar za ka je ka karɓo. Na ce mata, "Ya duba ta?" Sai ta ce, "Ya duba me, Malam? Motar kawun matarsa ce fa. Ya ce ko kallon kirki bai iya yi mata ba don kunya." Tun daga lokacin tuwo ya ƙi wuce mini. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Ban ce kada a sayi mota ba. Tsohuwar a-kori-kurar nan tamu, Haƙuri, ta yi iya yinta, ga ta nan a gindin darbejiya kaji na ƙwai a cikinta. Don a maye gurbinta muka rabu da 'yar gonar nan ta wajen Ungogo da gidaje suka zagaye, kuma ka san ba mu da wata da za mu sake rabuwa da ita. Amma ba gonar ce ta hana ni cin tuwo ba. Kai da bakinka ka ce in kwalta ta ƙare akwai rafi biyu kafin a kai inda za ka yi noman, kuma asibiti yana wannan ƙetaren, ku kuna wancan. Can za ka kai Rabi da yarinyar da ba ta cika wata huɗu ba. Abin da zai fito da su ranar da ake bukatar fitowa shi ne motar nan da ka kasa kallo.

Ni na taɓa sayen mota a hannun suruki, don haka ka saurara.

Kana ɗan shekara huɗu lokacin. Kawunka Alhaji Ɗanjuma, yayan mahaifiyarka, Allah Ya jiƙansa, ya ce zai sayar da wata shuɗiyar motarsa mai gas, kuma ya fi so ta tsaya a cikin dangi. Na sha babbar rigata ta Sallah, na je gidansa a birni da hantsi. Aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo fura. Da muka fito wajen motar na dafa bonet ɗinta, kamar dai mai neman abin jingina, sai na ji ɗumi a tafin hannuna. Rana ba ta kai ta ɗumama ƙarfe haka ba, motar ma a inuwa take. Na san abin da wannan yake nufi, don na yi shekara uku ina bin manyan motoci kafin in koma gona. An tayar da ita tun da safe an bar ta ta yi zafi. Direbansa ya murɗa makulli, ta tashi da bugu ɗaya. Alhaji ya ce, "Ka ji ko? Kamar agogo." Na ce, "Ƙwarai kuwa, Alhaji." Na mayar da hannuna cikin riga.

Kashegari da asuba Shuɗiya ta nuna mini halinta. Na murɗa, na murɗa, har batir ya fara kuka. Sai da maƙwabta huɗu suka tura ta zuwa gangaren masallaci sannan ta tashi, da farin hayaƙi kamar ana ƙona ɗanyen kara. Haka muka yi ta yi da ita. Mutanen unguwa har suka riƙa saurin barin masallaci in an sallame, don kada in kama su turi. Liman da kansa ya taɓa ce mini, "Malam Garba, motar nan taka ta fi ladan tayar da mutane."

To ga abin da na koya. Injin gas ba ya ƙarya da sanyin safiya. In ya yi zafi, tsoho da yaro duk ɗaya suke tashi. Ka je wa mota tun ba a taɓa ta ba, ka ɗora hannu a kan injin da kansa, ba bonet kaɗai ba, ka tabbata sanyi ƙalau yake. A tayar a gabanka, kai kuma ka tsaya a baya wajen salansa. Ɗan hayaƙi na farko da zai wuce nan take ba laifi ba ne. Fari da ya ƙi ɗaukewa, ko shuɗi-shuɗi mai warin baƙin mai, wannan injin ya gaji ko yana shan mai. In baƙi ne ƙirin duk sanda aka taka, a tuhumi nozul masu fesa mai, ko famfon mai. Tana cikin aiki ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In ya zauna, madalla. In ya kama rawa yana neman tsalle, hayaƙi na bugo shi daga ciki, ka mayar da murfin ka yi godiya. Ka zaro sandar awon mai ka shafa a yatsa. In ka ga ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Kuskurena na biyu da Haƙuri na yi shi, kuma wannan ka tuna da shi, don kana sakandaren Dawakin Tofa lokacin. Na ɗauko tumatir daga Watari, kwando a kan kwando, zan kai kasuwa a birni. Mai ya yi ƙasa, gidan mai kuma da layi, ni ko ina sauri kada kasuwa ta watse. Na tsaya wajen wani mai sayar da gas a jarka a bakin titi. Da yana zubawa na ji warin kananzir, na kuma ga man ya yi fari-fari. Na ce, "Malam, gas ɗin nan lafiya kuwa?" Ya ce, "Haba Baba, yanzun nan tirela ta sha ta wuce." Na bar shi ya zuba, don ya rage mini wani abu. Ban yi nisa ba motar ta fara shaƙewa, tana ja tana saki, ta mutu a tsakiyar rana, inda ko bishiyar kirki babu. Kwana biyu Malam Ado bakanike yana fama da famfo. Tumatir ya narke yana ɗiga ta ƙasan bodi, awaki ma suka shinshina suka wuce. Noman ranin shekarar nan gaba ɗaya a bakin titi ya ƙare.

Abincin injin gas shi ne ransa. Fetur in ya gurɓata mota ta yi tari ta wuce, gas in ya gurɓata famfo yake ci. Inda za ka je, na tabbata man jarka ya fi na gidan mai yawa. Ka samu durom naka mai murfi, ka riƙa cikawa a gidan man da manyan motoci ke sha, ka bar shi ya kwana kafin ka ɗiba, kuma kada ka taɓa ɗibar na ƙasan. Ka riƙa tacewa da kyalle mai tsabta. A ƙarƙashin filtar mai akwai ɗan abin da ake murɗawa ruwa ya tsiyaye, ka sa Malam Ado ya nuna maka, ka mayar da shi aikin duk ranar Juma'a. Filta biyu sababbi su zauna a bayan kujera kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku kuwa, in na tuna har yanzu kunya nake ji, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allurar zafi ta Haƙuri ta fara hawa in na ɗauki kaya. Kullum idona a kanta, gabana na faɗuwa. Maimakon in kai ta gareji, sai na samu 'yar takardar nan mai gam da ake rubuta addu'ar shiga mota, na manna ta daidai kan allurar. Na ce wa kaina in ban gani ba hankalina zai kwanta. Ya ko kwanta, har sati uku. Ran nan ina hawa gangaren nan na bayan gari da buhunan gero, sai tururi ya turnuƙe gilashi. Gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Malam Ado ya ɓamɓare takardar, ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Malam Garba, addu'ar ba ta yi laifi ba. Amma ba nan ne wurinta ba." Ya manna ta a sama kusa da madubi. Tana nan har yau, in ka leƙa za ka gani.

Zafi shi ne ajalin injin gas. Kowace safiya, kafin ka tayar, ka buɗe lagireto ka duba ruwa, ka duba baƙin mai, ba sai za ka yi doguwar tafiya ba. Kada ka zuba ruwan rafi mai laka sai dole ta kama, in ma ka zuba ka wanke lagireton da ka isa gari. In allura ta wuce inda ta saba tsayawa, ka tsaya, ko da ana jiranka a ɗaurin aure ne. Juyen baƙin mai kuwa kada ka bari sai mai ya koma kwalta. Kuma ranar da za ka duba motar Alhaji Sule, tun tana sanyi a buɗe murfin lagireto a tayar, ka leƙa. In ka ga ƙwayoyin iska suna ta tasowa ba tsayawa, wani ya riga ya tafasa ta kafin kai.

Yanzu bari in zo kan gas da fetur, don na ji kuna ta gardama da abokanka a ƙofar gida, kowa da wayarsa a hannu yana karanto abin da wani ya rubuta a ƙasar da ba a sayar da mai a jarka. Ni masoyin gas ne, ba na musu. A laka da rairayi, da kaya a baya, yana ja a hankali kamar san noma, ba ya haki. Tanki ɗaya ya kai ka inda fetur zai sha kusan biyu, ko da yake yanzu arahar da muka sani a da ta tafi. Amma gas ɗin da nake so shi ne irin na da, mai famfon ƙarfe, wanda ko batir ya mutu a tura ya tashi, wanda Malam Ado zai kwance a gindin bishiya da safe ya ɗaure kafin magariba.

Ta Alhaji Sule ba irin wannan ba ce. Na gan ta ranar sunan Hauwa'u, na zagaya ta sau biyu ina yi kamar ina neman takalmina. Kyakkyawa ce, ba shakka, ga sanyi a ciki, ga kujerun fata. Amma na yanzu ce, mai kwamfuta da turbo. An ce nozul ɗinsu ramukansa sun fi bakin allura ƙanƙanta, ɗan ruwa kaɗan a mai ya isa ya lalata su. In wani abu ya taɓu, fitila ce za ta kama a gabanka, motar ta ƙi gudu, ko ta ƙi tashi sam, kuma ba mai gane ciwonta sai wanda zai jona mata na'ura. A birni akwai su. A bayan rafi biyu wa ke da na'urar? Na tambayi Malam Ado, ya ce, "Irin waɗannan, Malam, in suna lafiya ba kamarsu. In suka kwanta kuwa ni ma ɗan kallo ne." Mutumin da ya shekara talatin hannunsa cikin baƙin mai ke nan.

Ban ce mugun inji ba ne. Alhaji Sule daga gida zuwa kanti yake hawanta, a kan kwalta, yana shan mai a wuri ɗaya, bakanikensa na kusa. A hannunsa tana iya shekara goma ba ta yi tari ba. Tambayar ita ce ko za ta iya da rayuwar da kai za ka ba ta. Ka buga waya ga mutanen da za ka zauna cikinsu, ka tambaye su wace irin mota ce ta fi yawa a tasharsu ranar kasuwa, wacce ke shiga da fita da damina. Wadda ta fi yawa, ita ce kayan gyaranta ke garin, ita ce bakaniken garin ya san cikinta. In da ni ne, zan fara neman mai gas irin ta da wadda injinta ke da sauran ƙarfi. In ba a samu lafiyayyiya ba, gara mai fetur mai jan ƙafa huɗu irin wadda kowa ya sani, ko da tana shan mai kamar raƙumi. Mai kwamfuta ita ce ta ƙarshe, sai in ka tabbatar akwai mai gyaranta a kusa. Ka ga dai ban yanke maka hukunci ba. Cewa na yi kada ka yi cinikin biri a sama.

Na daɗe ina zagaye-zagaye, na sani. Akwai kuskure ɗaya da na tsallake da gangan, kuma saboda shi na ɗauki biron nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ranar da na je sayen Shuɗiya a gidan kawunka, ba ɗumin bonet kaɗai na haɗiye ba. Na ga ƙaramar giyar nan ta ogzilari, wadda in an ja ta ƙafafun gaba suke kama aiki tare da na baya. Saboda ita ma nake son motar, don lokacin ba a sa kwalbati a kwazazzabon da ke tsakaninmu da titi ba. Zuciyata ta ce in durƙusa in leƙa ƙarƙashi. Amma ga ni cikin babbar riga, ga yayan matata a tsaye yana murmushi, ga mutanensa a zaure suna kallo. Yaya za a yi in kwanta a ƙasa a ƙofar gidansa ina leƙen motarsa, kamar na ce shi macuci ne? Sai na kama giyar na girgiza ta, na ji tana shiga tana fita. Na ce, "Ai ba sai an duba ba, Alhaji." Ya ji daɗin maganar, ni ma na ji daɗin kaina, na ga na nuna tarbiyya. Rani ya wuce, ban taɓa bukatar giyar ba, ban kuma taɓa gwada ta ba.

Da damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai, ƙanwarka Hauwa'u ta kwanta da zazzaɓi. Shekararta biyu. Kai ba ka tuna fuskarta sosai, na sani, amma ka tuna sunan tunda ka mayar mana da shi. Ba ka san abin da na ji a raina ba ranar da liman ya raɗa wa 'yarka sunan nan. A rana ta uku, bayan azahar, jikinta ya fara sandarewa, idonta ya juye. Mahaifiyarka ta rungumo ta, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Ikon Allah, motar ta tashi ba turi, don na fita da ita da safe. Muka nufi asibitin Dawakin Tofa.

An yi ruwa da safiyar ranar. Ruwan kwazazzabon bai kai gwiwa ba, laka ce dai. Na shiga ba fargaba, ina taƙama da ogzilari. A tsakiya ƙafafun baya suka fara juyawa a wuri ɗaya. Na ja giyar, ta shiga sumul. Na taka. Na baya suka ci gaba da haƙa rami, na gaba ko motsi. Na fitar, na sake sawa, na sake takawa, har motar ta zauna a kan cikinta. Na fito, na kwanta a cikin lakar nan, na tura kaina ƙarƙashi. Inda furofela ta gaba ya kamata ta kasance, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba, babu komai. Ramukan kusoshi huɗu kawai na gani, sun yi tsatsa. Durƙuson da na ƙi yi a busasshiyar ƙasa, ranar na yi shi a cikin laka.

Mutane suka baro gonakinsu, Allah Ya saka musu. Aka tura, aka sa kara da itace, ta ƙi. Sai da aka je aka kwanto shanun huɗa guda huɗu. Kafin su fizgo mu zuwa wancan gefen an yi la'asar. Na shiga, jikina duk laka, na sa giya zan taka. Sai mahaifiyarka ta ce, a hankali, ba ta ko dube ni ba, "Malam, juya mu koma gida."

Kwananta ya ƙare, na yi imani da wannan, ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Ban sani ba ko da mun isa asibiti da wuri za ta tashi. Allah kaɗai Ya sani. Abin da na sani shi ne nawa rabon aikin ban yi shi ba, kuma bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba. Bayan sadakar bakwai na tambayi direban kawunka a gefe. Ya ce, "Af, furofelar? Ƙara take yi, mu kuma a gari muke yawo, sai bakanike ya cire. Tana nan a bayan gareji. Ai da ka yi magana da an ɗaura maka." Alhaji Ɗanjuma bai ma san an cire ba. Bai cuce ni ba, har ya koma ga Allah ban gaya masa ba. Mahaifiyarka kuwa har gobe ta ɗauka laka ce ta fi ƙarfin motar. Ɗan'uwanta ne, kuma 'yarta ce. Kada ka karanta mata wannan wurin.

Ka gane yanzu abin da ya sa tuwo ya tsaya mini jiya. Alhaji Sule mutumin kirki ne, ban taɓa jin wani ya yi kuka da shi ba. Amma mai mota ba shi ne ke shiga ƙarƙashinta ba, kuma abin da bai sani ba ba zai faɗa maka ba. Kunyar suruki abu ne mai kyau, ni na koya maka ita, kuma ina alfahari da yadda kake sunkuyar da kai gaban manya. Ka ba shi ita a gaisuwa, ka ba shi a wurin zama, ka ba shi a magana. Ban da a ƙarƙashin mota.

Ga abin da nake so ka yi. Gobe Juma'a ka je ka gaishe shi, ka ce, "Alhaji, Baba ne ya ce don Allah kada a tayar da motar ranar Asabar sai mun zo da bakanikensa. Ka san halin tsofaffi." Ka ɗora mini laifin gaba ɗaya, ka ce na tsufa na rikice, ba zan musa ba. Na riga na yi magana da Malam Ado, zai jira ka a bakin garejinsa bayan sallar asuba. Kada ka sa manyan kaya, ka sa waɗanda kake zuwa gona da su. In kun gama da inji, ku fita da ita bayan gari, ku sami rairayin rafi mai zurfi, ku shiga har ta fara nutsewa, sannan ka sa ogzilari. Kai ka sauka, Malam Ado ya taka, ka ga ƙafafun gaba suna watsa rairayi da idonka. In ta ci duk wannan, kuma ka sami mai gyaranta a can, ka karɓa da albarkata. In ta faɗi, ka yi masa godiya, ka mayar masa da makullinsa da hannu biyu. In ransa ya ɓaci ni zan je har gida in ba shi haƙuri, mu tsofaffi mun san yadda muke shiryawa. Rabi ma in ta ji nauyi, ka ce mata saboda ita da abin da ke bayanta ne. Ɓacin ran suruki wata ɗaya ne ko biyu, ni nawa shekara ashirin da shida ke nan.

Na san a ranka kana cewa Baba da sauƙin faɗa yake, shi da ko sunan ɗansa ba ya iya kira. Gaskiyarka. Ba zan ce ka ajiye taka kunyar ni ina riƙe da tawa ba. Na daɗe da biron nan a sama kafin in iya, Malam mahaifina ya gafarta mini.

Yusufu. Yusufu ɗana, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar nan.

Allah Ya yi maka albarka, Ya yi wa Rabi albarka, Ya raya Hauwa'u. Allah Ya zaɓa maka abin hawan da zai fito da ku duk ranar da kuka nemi fitowa. Ya tsare ku a kwalta, Ya tsare ku a laka, Ya ƙetarar da ku rafin nan biyu lafiya, da rani da damina. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba